Baffana Na Son Kamfanina Ya Yi Masa Rakiya a Neman Kwangila

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni injiniyan gine-gine ne, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu, na uku yana hanya. Shekara huɗu ke nan da na yi wa ɗan kamfanina rajista, kullum ina sabunta takarduna na haraji da na fansho da sauransu, amma har yau ban taɓa samun aikin gwamnati ba. Gidajen mutane da shaguna nake ginawa, yau a samu gobe a rasa.

Baffana, ƙanin mahaifinmu, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na gama jami'a. Tsohon ɗan kwangila ne. Kwanan nan wata makarantar gwamnatin tarayya ta tallata aikin gina ajujuwa. Baffa ya kira ni ya ce aikin nasa ne, sun gama magana da wani darakta a can, abin da ya rage kawai a ga kamfanoni uku sun nema. Yana so kamfanina ya yi masa rakiya. Shi zai rubuta farashin da zan saka, wanda ya ɗara nasa, ni kuwa in sa hannu in buga hatimi. Zai ba ni naira dubu ɗari biyar, kuma ya ce aiki na gaba nawa ne. Sannan idan an biya shi kuɗin kafin alƙalami, zai turo kason daraktan asusun kamfanina, ni kuma in tura wani asusu da za a ba ni, don daraktan ba ya son kuɗin ya fito kai tsaye daga wurin Baffa.

Na ce ya ba ni lokaci. Hajiyarmu ta ji labari, ta ce kada in kuskura in watsa wa Baffa ƙasa a ido. Ga kuɗin haya ya matso, ga haihuwa. Malam, ni ba ni zan ba da cin hancin ba, ba kuma ni zan ci ba. Ina da laifi a doka ko a addini? In akwai, yaya zan ce a'a ga mutumin da ya zame mini uba?

Injiniya mai neman mafita

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Injiniya.

Tambayarka ta farko amsarta gajeriya ce: akwai laifi, a doka da addini duka, kuma kada ka yi. Ina kyautata zaton kai ma ka sani, don wanda hankalinsa ya kwanta da magana ba ya cewa a ba shi lokaci. Ta biyun ce mai wuya, zan zo kanta. Amma bari in fara nuna maka inda aka tsayar da kai a wannan shiri, don daga wasiƙarka na ga kamar kana ɗaukar kanka ɗan kallo.

Ku uku ne a maganar. Darakta ba zai sa hannu a komai ba, ko asusun da za a tura kuɗin ma ina tabbatar maka ba sunansa ne a kai ba. Baffa zai sa hannu a takardun kamfaninsa, kuma a ido ba su da aibu: ya nemi aiki, farashinsa ya fi sauƙi, aka ba shi. Kai ne za ka sa hannu a farashin da ba kai ka lissafa ba. Kai ne za ka je kotu ka yi rantsuwar da ake haɗawa da takardun tanda, wato takardun neman kwangila, cewa duk abin da ka gabatar gaskiya ne. Kai ne kuɗin toshiyar bakin zai shiga asusunka ya fita, asusun da ke ɗaure da sunanka da lambarka ta BVN. Mai bincike ba ya tambayar wa ya yi hira da wa bayan sallar isha'i. Banki yake rubuta wa, a ba shi bayanin shiga da fitar kuɗi. Abin da ya sa darakta ba ya son kuɗin ya fito daga Baffa, shi ne abin da ya kamata ya sa ka ƙi yarda ya bi ta wurinka. Shi ya san haɗarin sarai, yana neman wanda zai ɗauka masa ne, kuma an yi wa haɗarin kuɗi dubu ɗari biyar.

Tunda makarantar ta tarayya ce, dokar da ta shafe ka ita ce dokar ba da kwangila da sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sanya wa hannu a watan Yuni na shekarar, kwanaki kaɗan da hawansa mulki. Ita ta kafa hukumar BPP mai sa ido a kan ba da kwangilar gwamnati, wadda ta gaji ofishin bin ƙa'ida na zamanin Obasanjo. Sashe na 58 ya jero laifuffuka, kuma a cikinsu akwai haɗa baki tsakanin masu neman kwangila a kan farashin da za su saka, ko da yarjejeniyar ta baka ce kawai. Akwai shirya tun farko wanda zai ci, sauran su shiga don cika lissafi. Akwai karɓa-karɓa, wato yau kai gobe ni. Ka ga ke nan alƙawarin da Baffa ya yi maka na aiki na gaba, shi ma kansa yana cikin abin da dokar ta hana.

Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. Kamfanin da aka samu da laifi za a hana shi neman kowace kwangilar gwamnati na aƙalla shekara biyar, kuma a ci shi tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. In aikin na naira miliyan 80 ne misali, tarar miliyan 20 ce, ga kamfanin da ko bulo ɗaya bai aza ba. Daraktocin kamfanin, waɗanda sunayensu ke rubuce a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ɗaurin shekara uku zuwa biyar ne ba zaɓin biyan tara. Ka duba takardar rajistarka. In irin kamfanoninmu ne da ake sa sunan mata ko ƙane a matsayin darakta na biyu, to ba kai kaɗai ka shiga ba, ka jawo wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda aka tuhuma a ƙashin kansa kuma, in ba ma'aikacin gwamnati ba ne, shekara biyar zuwa goma. Ma'aikaci, aƙalla biyar da kora daga aiki.

Wannan na rakiya ne kaɗai. Maganar tura kuɗin ta fi muni, don ta shigar da kai ƙarƙashin dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000, wadda ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai ba da rashawa da mai karɓa, kuma ba ta bar wanda ya kai a madadin wani ba. Ta kuma shigar da kai ƙarƙashin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022, don karɓar kuɗi a juya shi zuwa wani asusu da nufin ɓatar da sawu shi ne ainihin abin da aka yi dokar dominsa. Akwai wani sashe a dokar ICPC da nake so ka riƙe, na 60. Ya ce kotu ba za ta saurari hujjar cewa wannan alheri al'ada ce a sana'a kaza ko a wurin biki kaza ba. Wato waɗanda suka rubuta dokar sun san za a zo a ce kowa na yi, goro ne, haka ake tafiyar da kwangila a ƙasar nan. Sun rufe ƙofar tun kafin a zo.

Za ka ce da ni ai dubban mutane na yi ba a kama su ba. Gaskiya ne, ba zan yi maka musu ba. Mafi yawan irin wannan shiri yana wucewa lami lafiya, shi ya sa Baffa ya tsufa a ciki ba tare da ya kwana a caji ofis ba. Amma ka lura da yadda ake kamawa in an tashi. Sau da yawa ba gwanintar masu bincike ba ce. Sabon shugaba ne ya zo yana neman laifin wanda ya gada, ko an yi rabo wani bai samu kasonsa ba ya rubuta ƙara, ko gini ya tsage kafin a shekara. Daga nan sai a ɗauko fayil. A fayil kuwa kamfanonin rakiya ba sa ɓuya: kuskuren rubutu iri ɗaya a takardu uku, rasiɗan sayen fom masu lamba a jere, lambar waya ɗaya, farashin da ya bambanta da kashi biyu ko uku daidai a kowane layi. Wannan na iya tasowa bayan shekara shida, lokacin da darakta ya yi ritaya, dubu ɗari biyar ɗinka kuwa ko tuna inda ta shiga ba za ka yi ba.

Ko a manyan shari'o'i ɗan aike ba ya tsira. Badaƙalar kwangilar masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny, wadda aka fi sani da ta Halliburton, an ba da cin hanci na dala miliyan 180 da ɗoriya tsakanin 1995 da 2004 don samun ayyuka na sama da dala biliyan 6. Kamfanonin KBR da Halliburton sun biya dala miliyan 579 a Amurka a 2009. Lauyan nan ɗan Landan, Jeffrey Tesler, wanda kuɗin suka riƙa bi ta hannunsa, an ɗaure shi wata 21 a 2012, aka kuma ƙwace masa kusan dala miliyan 149. Manyan da aka kai wa kuɗin a nan gida, kai ma ka san ba mu ga jerinsu a gidan yari ba.

A addini maganar a fili take. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Akwai ruwayar da ta ƙara da mai kai-kawo tsakaninsu, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan ƙarfinta. Ba ma buƙatarta, tunda a Suratul Ma'ida an hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Rakiyar kuma tana da 'yar'uwa da aka hana a hadisi ingantacce: mutum ya taya kaya a kasuwa ba don yana son saya ba, sai don ya ruɗi wanda zai saya. Kai za ka taya aiki ba don kana son yi ba, sai don a ruɗi mai biyan kuɗi ya zaci an yi gasa. Wataƙila wani ya kawo maka sassaucin da wasu malamai suka yi ga wanda aka danne wa haƙƙi, ya rasa hanyar karɓa sai da ya ba da wani abu. Wannan bai shafi nan ba. Kwangila ba haƙƙin kowa ba ce kafin a buɗe ambulan, kuma akwai wasu bayin Allah da za su sayi fom, su biya kuɗin takardu, su kwana suna lissafi, ba su san an gama rabo ba. Ka tuna cewa shekara huɗu kana cikinsu.

Akwai kuma abin da ka fi ni sani. Kason darakta ba daga aljihun Baffa zai fito ba, daga ginin zai fito. Inda aka rubuta rodi mai kaurin milimita 16 a sa mai 12, buhun siminti ya yi aikin buhu biyu, katakon rufi ya zama ɗanye. Yara ne za su zauna a ƙarƙashin wannan rufi. Ban ce Baffa mugu ba ne, amma lissafi ba ya ƙarya, kuma kai ka karanta shi.

Yanzu ga mai wuyar. Kada ka yi masa waya, kada ka aika saƙo. Ka je gida da kanka a lokacin da ka san ba shi da baƙi, ba a gaban yaransa na aiki ba, ba a gaban iyalinsa ba. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka jawo aya, kada kalmar cin hanci ta fito daga bakinka. Dattijon da ya shekara talatin a sana'a ba zai karɓi darasi daga yaron da ya goya ba, kuma in ka sa shi ya ji kunya, sai ya manta da maganar ya riƙe kunyar. Ka ɗora abin a kanka. Ka ce: Baffa, na yi tunani, tsoro nake ji. Wannan rajista ta hukumar injiniyoyi, COREN, da kamfanin nan su ne duk abin da na mallaka, kuma da kuɗinka na same su. In aka soke su wahalarka ce ta tashi a banza. Ka yi mini afuwa a wannan, ka sa ni duk wani aiki da ba shi ba.

Kuma ka zo da wani abu a hannu, kada ka tafi da ƙi kawai. Ka ce za ka zauna ka yi masa lissafin kaya da farashi na gaskiya a duk tandar da zai shiga ba tare da shiri ba, ka duba masa zane, ka riƙe masa gine-ginensa na kansa ba sai ya biya ka ba. Tsofaffin 'yan kwangila da yawa suna faɗuwa a tantancewa ne saboda takardu da lissafi, abin da kai ka iya. Bashin da ke kanka na riƙo bashi ne na gaske, kuma za ka biya shi har ƙarshen ransa, da hidima da zumunci da kula da 'ya'yansa. Sa hannunka dai ba ya cikin abin biya.

Zai yi fushi. Zai iya cewa boko ya sa ka fi ƙarfinsa, ko ya daina amsa gaisuwarka na wani lokaci. Kada ka mayar da magana, kada kuma ka ɗauke ƙafa. Ranar Juma'a ka je kamar kullum, ka kai yara. In aka haihu shi za ka fara gaya wa, shi zai zauna a gaban raɗin suna yadda matsayinsa ya ba shi. Fushin da ake zuwa ana gaishe shi ba ya daɗewa. In ka ga abin na neman yin nisa, ka nemi mutum ɗaya tak da yake jin nauyinsa, gwaggonku ko wani amininsa, ya sa baki. Mutum ɗaya na ce, don asirin Baffa ne, kuma ƙin shiga da ka yi bai ba ka izinin tallata shi a dangi ba.

Hajiya kuwa ba ta goyon bayan cin hanci, tsoron butulci take ji, kuma tana da gaskiya a tsoron. Ita ta ga irin ɗawainiyar da ya yi lokacin da ba ta da kowa. Ka zauna da ita ka gaya mata abin a sarari, da adadin shekarun ɗaurin, da sunan wanda ke kan takardar kamfani. Ka tambaye ta wa zai riƙe ta da jikokinta in abin ya juye. Sannan ka gaya mata abin da ka yi wa Baffa tayi a madadin. Ina sa ran ita za ta zame maka mai ba da haƙuri a wurinsa.

Abu biyu da za ka kiyaye a wannan tsakani. Kada ka karɓi rance ko kyautar kuɗi daga Baffa har sai an gama da wannan tanda, komai matsin haya, don kuɗin da ya fito daga asusunsa zuwa naka a waɗannan makonni yana da fassara ɗaya a idon mai bincike. Ka je ka roƙi mai gida ya raba maka biyan. Kuma kada zuciya ta raya maka ka shiga tandar da gaske don ka kayar da shi. Ka riga ka san shirinsa, ƙila har da farashinsa, don haka hannunka ba a wanke yake ba a wannan aikin. Ka bar shi gaba ɗaya.

Ba ka tambaye ni ko ka kai ƙara ba, amma ya kamata ka sani. Sashe na 23 na dokar ICPC ya wajabta wa duk wanda aka nemi cin hanci a wurinsa ya sanar da hukumar ko 'yan sanda, wanda ya ƙi kuma ba tare da uzuri ba yana iya fuskantar tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin shekara biyu ko duka biyun. A labarinka Baffa aka nema, ba kai ba, kuma ni ba zan ce ka tashi gobe ka kai ƙanin ubanka ba. Amma in daraktan ya kira ka da kansa, ko aka ci gaba da matsa maka a kan asusun, to maganar ta zo kanka, ka ga lauya kafin ka amsa komai.

Game da shekara huɗun da ka yi ba ka samu ba, kada ka ɗauka rakiya ce kaɗai ƙofa. Ka nemi ƙananan ayyuka daidai da ƙarfin kamfaninka, ko ka karɓi wani ɓangare a hannun babban kamfani don ka tara shaidar ayyukan da ka kammala, tunda ita ake fara tambaya. Duk tandar da ka shiga, ka halarci buɗe ambulan. Doka ta ce a bainar jama'a ake yi, a karanta sunan kowa da farashinsa da ƙarfi, tare da masu sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiya mai zaman kanta. Ka rubuta abin da ka ji. In ka ga an yi maka ba daidai ba, sashe na 54 ya ba ka ranakun aiki 15 ka rubuta wa shugaban ma'aikatar, shi ma yana da 15 ya amsa. In ba ka gamsu ba kana da ranakun aiki 10 ka kai BPP, ita kuma ta yanke cikin 21, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Mutanenmu ba su cika bin wannan hanya ba, don tsoron kada a sa musu ido, shi ya sa masu shiri suke sakewa. Aikin jiha kuwa dokar jiha ce ke hawa kansa, Kaduna da Kano da Jigawa kowacce da tata hukumar, sai ka nemi kwafin tasu ka karanta wa'adinsu.

Sai wata tambaya da nake so ka yi wa kanka yau. Ka taɓa ba Baffa ko wani yaronsa kwafin takardun kamfaninka, ko takardarka mai tambari, ko hatimi? In ka taɓa, ka sani ana iya yin rakiyar ba tare da kai ba, kuma ana yi. Ka karɓo hatiminka in yana waje. Ranar buɗe ambulan na wannan aikin ka tura wanda ka amince da shi ya zauna ya saurara. In aka kira sunan kamfaninka, a ranar ka rubuta wa shugaban makarantar cewa ba ka nemi aikin ba kuma ba ka wakilta kowa ba, ba sai ka ambaci sunan wani ba. Ka kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka, ka adana shi tare da takardar rajistarka.